Yumɓu Mai Jure Wuta a Tarihin Ƙira

Masu nazarin tarihin ƙira a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali kan tama da gawayi, ba kasafai sukan waiwayi yumɓu ba. Alhali kuwa tama ba ta ba da ƙarfe sai zafi ya kai wajen digiri 1,200, kuma dole a sami mazubin da zai riƙe wannan zafi bai tsage ba.

Maƙeran dauri a ƙasar Zamfara da yumɓu suke gina tanderun tama, kamar takwarorinsu na Adar waɗanda Nicole Echard ta ɗauki aikinsu a fim a shekarun 1960. Akan kwaɓa yumɓun da ciyawa ko ƙaiƙayi don kada ya dare in ya sha wuta. Inda tsadar take shi ne bututun da ke kai iska cikin tanderu. Bakinsa na tsakiyar garwashi, saboda haka yakan narke ya bi kashin ƙarfe, sai an gina sababbi kafin wata fuskar aiki. Watau kuɗin yumɓu guminsa ne: haƙa, da kwaɓi, da kwanakin shanya a rani. Bututu ɗaya in ya toshe, gawayin ƙirya da aka yi makonni ana tarawa ya tafi a banza.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Ƙarfen Turai da tarkacensa suka yawaita a kasuwanni, ga araha. Maƙeri ya riƙe masaba da zugazugi, ya bar tanderu, sanin yumɓun kuma ya bi tsofaffi.

Da Nijeriya ta koma ga ƙarfe sai matsalar ta dawo da girmanta. Narka ƙarfen zamani na bukatar zafin da ya kai digiri 1,600, kuma bulon da ake jera wa cikin tanderu shi ma wuta na cinsa, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Masana'antar Aladja da aka buɗe a 1982 daga ƙetare ta riƙa sayo yawancin bulonta, da kuɗin musaya, duk da farar ƙasar da ke jibge a Ƙanƙara. Ita kuwa Ajakuta, wadda aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyat kwangilarta a 1979, ba a kai ga hura babban tanderunta ba.