Tarihin Zaɓen Darussa ga Manyan Ɗalibai a Birnin Katsina

Manhaja, wato jerin darussan da aka tsara ɗalibi zai bi har ya kammala wani mataki na karatu, ta girmi makarantar boko a birnin Katsina nesa ba kusa ba, domin garin ya shahara da ilimi tun kafin zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo yakan wuce makarantar zaure, inda a fiƙihu ake farawa da Ahalari da Ishmawi, a bi da Iziyya da Risala, wanda ya yi nisa ya kai Muhtasar. Ɗalibi yakan zauna a kan tabarma da littafinsa har layi ya zo kansa, ya ja baƙi malam yana fassara masa da Hausa, da la'asar kuma ya nufi wani zauren don nahawu. Jerin littattafan sananne ne, amma fannin da zai zurfafa a ciki da malamin da zai ɗauka wurinsa suna hannun ɗalibi, kuma irin wannan 'yanci ne ya ba Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, damar duƙufa kan ilimin lissafi har ya yi suna.

Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta zo da wata manufa daban. Bukatar Turawan mulki ita ce malaman da za su koyar a makarantun larduna, saboda haka kowa darussa iri ɗaya yake yi, Turanci da lissafi a kan gaba, shi ya sa ɗalibanta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da aikin koyarwa suka fara bayan sun fita. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

Zaɓe irin na yau ya samo asali ne daga taron manhaja na ƙasa na 1969 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, waɗanda suka haifar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. A farkon babbar sakandare ake ware ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci, kuma manhajar 2011 ta wajabta wa kowa darasin sana'a ɗaya daga cikin 34.

Nauyin wannan rabo ya fi yadda iyaye da yawa suke zato, domin yaro ɗan shekara goma sha biyar ne ake sa wa ya yanke hukuncin da zai bi shi har ƙofar jami'a. Mai son likitanci dole ya rubuta fizis da kemistiri da bayoloji tare da Turanci a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, kuma wanda bai shiga ajin kimiyya ba ya rasa wannan hanya tun a ranar da aka raba azuzuwa. Ga shi kuwa an ɗauki ajin adabi a matsayin matattarar waɗanda makinsu ya gaza, abin da bai dace da garin da malaman Larabci da fiƙihu suka ɗaga sunansa ba. Inda makaranta ba ta da malamin fizis ko ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki, ƙarancin malamai ne yake yi wa ɗalibi zaɓe, kuma ta wannan fuska almajirin zaure ya fi ɗan sakandaren yau iko da karatunsa.