Kayan kariya ga masu aiki da injin yankan itace: Wanne za a fara saya?

Injin yankan itace ya zama hanyar neman abinci ga matasa da dama a ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, inda ake ɗaukar su datse bishiyar da iska ta kayar ko fasa katako. Sai dai ba wuya a ga mai wannan aiki sanye da silifas, alhali sarƙar injin tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa guda. Wanda ta sara a ƙauyukan Riruwai kuwa, tafiyar sa'o'i ce tsakaninsa da Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Tunda ba kowa ke iya sayen kayan kariya a lokaci guda ba, ga yadda ya dace a jera su.

Wando

Ƙafa, musamman ta hagu, tana cikin sassan da injin ya fi sara. Wandon kariya yana ɗauke da dogayen zaruruwa a ciki. Da zarar sarƙa ta keta shi, sai ta jawo su, su cushe a bakin injin ya tsaya. Wandon jins ko kaki ba ya yin haka komai kaurinsa.

A duba lambar EN ISO 11393, ko tsohuwarta EN 381, a jikinsa. Aji na 1 an gwada shi da gudun mita 20 a daƙiƙa, na 2 da mita 24, na 3 da mita 28. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a kan wandon yau da kullum da maɗauri. Yawanci ya fi araha, bai kai cikakken wando zafi ba, kuma mutum biyu suna iya karɓa-karɓa da shi.

Kai da ido da kunne

Hular kwano mai lamba EN 397, wadda aka haɗa da ragar fuska da marufin kunne, takan fi sauƙin kuɗi a kan sayen kowanne daban. Ƙarar injin tana wuce desibel 100, alhali daga 85 ji yake fara lalacewa idan an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Toshiyar kunne ta soso ita ce mafi araha a duk kayan. Auduga ba ta maye gurbinta.

Takalmi da safar hannu

Takalmin ya rufe idon sawu, da ƙarfe a baki da ƙasa mai kama turɓaya. Safar hannu ta zauna cif. Kaftani da rawani da duk tufa mai reto a ajiye su sai an tashi.

Gwanjo

Takalmin gwanjo mai lafiya, irin wanda ake nema a Kasuwar Ƙofar Wambai, ba laifi. Amma wandon da sarƙa ta taɓa yanka, ko aka ɗinke shi har ciki, ya gama aiki, domin ɗinkin yana hana zaren fita. Haka hular da ta tsage ko rana ta ƙoƙe ta. A nan ne araha ba ta ado.

Babu kayan da ke hana injin tutsu idan kan takobinsa ya taɓa itace. Don haka a gwada birkin sarƙa kafin fara aiki, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kuma kada mutum ya shiga daji shi kaɗai.

Doka

Dajin Falgore gandu ne da doka ta hana sare itace a cikinsa. A 2025 kuma Gwamnatin Kano ta haramta aiki da injin ko sare bishiya ba tare da izinin Ma'aikatar Muhalli ba. Kuɗin izini, kamar na wando, yana cikin jarin sana'ar.