Tashoshi Uku Masu Sauraron Kumbo: Tarihin Deep Space Network

A watan Janairun 1958, Najeriya tana hannun Turawan Ingila, injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka girka na'urorin sauraron rediyo a wurare uku: Kalifoniya, Singafo da Ibadan. Ranar 31 ga watan aka harba Explorer 1, tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, aikin na'urorin kuwa su kama siginarsa a gano hanyar da yake bi. Kayan tafi-da-gidanka ne, ita kanta NASA sai a Oktoban shekarar aka kafa ta. Amma daga nan aka samu tushen Deep Space Network, jerin manyan eriyoyin da ke magana da kumbunan da suka yi nisa.

Juyawar duniya ce ta tilasta a warwatsa tashoshin. Mai ɗaura dish a Kwangila yakan hau rufin kwano yana karkata farantin kaɗan-kaɗan, yaro a ƙasa ya zuba wa talabijin ido, da ya ce "ya kawo!" sai a ɗaure noti, an gama. Tauraron da ya saita yana nisan kilomita kusan 36,000, yana zagayawa daidai da juyin duniya, don haka ba ya gushewa daga inda yake. Kumbon da ya nufi Mars kuwa fitowa yake daga gabas ya faɗi yamma. Kafin ya ɓace wa wata tasha, dole wata ta riga ta hango shi. Shi ya sa aka nemi wurare uku masu tazarar digiri kusan 120 a tsakaninsu. Aka fara da Goldstone a hamadar Mojave a 1958, sai Woomera a Ostareliya a 1960, sai Hartebeesthoek kusa da Johannesburg a 1961. Ranar 24 ga Disamba 1963 aka raɗa wa tsarin sunansa na yanzu, ƙarƙashin jagorancin Eberhardt Rechtin.

Mutanenmu kan haɗa wannan labari da tashar NASA ta Kano, alhali gidansu daban. Ta Kano tana cikin jerin tashoshin shirin Mercury, masu bibiyar 'yan sama-jannati a kusa da duniya. Ita ce ta yi magana da John Glenn sa'ad da ya gifta samaniyar Arewa ranar 20 ga Fabrairu 1962, kuma ba ta kai ƙarshen shekarun 1960 ba aka rufe ta. Tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu ma NASA ta janye daga cikinta a tsakiyar shekarun 1970, ana tsaka da matsin lamba kan mulkin wariyar launin fata, aikinta ya koma Madrid. Canberra ta gaji Woomera. Tun daga lokacin, Goldstone da Madrid da Canberra ne ke riƙe da ragamar.

Farantan suka yi ta girma: daga faɗin mita 26 zuwa 64, sannan aka faɗaɗa manyan zuwa mita 70 kafin Voyager 2 ya isa Neptune a 1989. Dole su girma, domin rediyon Voyager bai wuce wat 23 ba, kuma saƙon Voyager 1 yakan yi fiye da awa 22 a hanya.

A ganina, abin da ya fi ƙarfen wuyar samu shi ne lokaci. Kumbuna kusan 40 ke neman a saurare su, eriyoyin kuwa goma sha 'yan kai ne. Lamarin ya yi kama da lodi a tashar Kwangila ranar da fasinja suka yi yawa, motoci suka yi kaɗan: kowa na rantsuwa tafiyarsa ta fi gaggawa, sai an samu mai riƙe layi. A da, wakilan kowane kumbo ke zama su yi ta ciniki a kan awoyi. A farkon shekarun 2010 JPL ta shigo da manhajar Service Scheduling Software, wadda ke karɓar buƙatun kowa ta fitar da jadawali, ta nuna inda aka yi karo, mutane su sasanta sauran.

Akwai kuma manhajojin kwaikwayo, masu hangen shekaru a gaba tun ba a zuba kankare ba. Ana ɗura musu hanyar kowane kumbo, da awoyin da kowace tasha za ta iya ganinsa, da yawan bayanan da zai turo, da ranakun gyara, har da ruwan sama, saboda hadari yana raunana sigina mai tsananin mita. Sai a yi ta tambayar kwamfuta: in an ƙara faranti ɗaya a Canberra, cunkoson zai ragu da nawa? In an haɗa kan masu mita 34 guda huɗu, za su maye gurbin mai mita 70? Kumbunan Mars suna taruwa a kusurwa guda ta sama, don haka faranti ɗaya kan saurari har huɗu a lokaci guda, wannan ma sai an sa shi a lissafi.

Wani abin kuma lissafi ba ya maganinsa. Voyager 2 ya karkata kudu bayan Neptune, eriya ɗaya tak, DSS-43 ta Canberra, ke iya aika masa umarni. Da aka tsayar da ita don gyara a Maris 2020, kumbon ya yi watanni ba mai ce masa uffan. A ƙarshen 2022 tafiyar kumbon Artemis I zuwa wata ta cinye awoyi masu yawa, har na'urar hangen nesa ta James Webb ta rasa wani ɓangare na rabonta. Rahoton babban mai binciken NASA na 2023 ya ce buƙata kan zarce abin da eriyoyin ke iya ɗauka da kashi 40 cikin ɗari a wasu lokuta. Don rage wannan nauyi ne aka aza harsashin sabuwar tasha a Matjiesfontein ta Afirka ta Kudu a Nuwamba 2022, wadda za ta kula da kumbunan da ke zuwa wata.