Taimin ɗin wuta a tsofaffin motoci

Taimin ɗin wuta shi ne lokacin da filogi yake ba da tartsatsi domin ya kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Cakuɗen ba ya ƙonewa nan take, shi ya sa ake son tartsatsin ya zo kafin fistin ya kai ƙololuwa, galibi da digiri 5 zuwa 10 idan injin yana sulo. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 404 da 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, distiributa ce take wannan aiki. Waɗannan motoci sun daɗe suna jigila tsakanin Daura da Kano da Katsina, da kuma hanyar Kongolam zuwa Damagaram. A Nijar ana kiran distiributa delko, daga sunan kamfanin Delco na Amurka, wanda Charles Kettering ya ƙera wa wannan tsari wajen 1910.

Yadda yake aiki

A cikin distiributa akwai kwantak mai buɗewa da rufewa. Duk lokacin da ya buɗe, sai koyil ya fitar da wuta mai ƙarfi, rota kuma ta raba ta zuwa filogai. A 504 jerin shi ne 1-3-4-2. Abubuwa biyu ne suke matso da wutar gaba idan ana tafiya: wasu ƙananan ƙarafa masu sifirin da suke buɗewa idan injin ya ƙara gudu, da wani ɗan gwangwani da siririn tiyo ya haɗa da kafireto, wanda yake aiki da zuƙar iskar injin.

Alamomin matsala

Idan wuta ta yi gaba da yawa, injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman da lodi ko a hawa, kuma yana turjewa wajen tayarwa. Barin sa haka yana iya huda fistin. Idan ta yi baya, mota tana rasa ƙarfi, ta sha mai, ta yi zafi.

Gwaji da gyara

Da kwantak ake farawa. Dugadugin da yake gogar sandar distiributa yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta koma baya da kanta. Ƙurar hunturu tana ƙara saurin wannan idan babu ɗan giris a wurin. Tazarar da aka saba ita ce kusan milimita 0.4. Wanda ya juya distiributa bai daidaita wannan ba, ya ɓoye ciwon ne kawai, kuma zai dawo.

Bayan nan a murɗa rota da hannu a sake ta. Idan ba ta koma wurinta ba, ƙarafan sun cije ko sifirin ya saki. A cire tiyon daga kafireto a tsotsa: farantin da kwantak yake kai ya kamata ya motsa, ya kuma tsaya muddin an toshe bakin tiyon da harshe. In bai tsaya ba, robar cikin gwangwanin ta fashe.

Saitin kansa ana yin sa ne da fitilar taimin, wadda take walƙiya tare da filogin silinda ta ɗaya, ta haska alamar da ke jikin fuli ko falawil. A sassauta notin distiributa, a juya ta kaɗan kaɗan har alamar ta zo daidai. Da an taka totur, alamar ta matsa gaba. A Peugeot ana ƙirga silinda ta ɗaya ne daga ɓangaren giyabos, abin da yake yawan rikita masu koyo.

Makanikai da yawa da kunne suke saiti, su juya distiributa har sulo ya yi daɗi. Gwani yana kusantar daidai, amma wurin da sulo ya fi daɗi sau da yawa ya wuce gaba, kuma ba a gane haka sai an ɗora wa motar buhunan gero an hau titi.