Guzurin abincin rana ga mai wuni a wurin aiki

Guzurin abincin rana shi ne mutum ya tsara abin da zai ci a wurin aiki tun kafin ranar ta zo, ya yi cefane, ya dafa abin da zai dafu, ya raba shi kwano-kwano. Al'adar ba baƙuwa ba ce, domin fatake sun daɗe suna tafiya da kilishi, ƙuli-ƙuli da dabino. Abin da ya canza shi ne tsarin aiki. A Kamaru ma'aikatan gwamnati na aiki daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa 3:30 na yamma ba tare da komawa gida ba, a Nijar ma ana bin irin wannan tsari da ake kira journée continue. Tela, ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu kuwa dama a waje suke wuni. Wanda ya fita hannu rabbana, abin da ya tarar a bakin titi zai ci: burodi, soye-soye, shayi mai zaƙi.

Ma'aunin da ake bi

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma ya kasance ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Gishirin nan ya haɗa da na dunƙulen ɗanɗano, wanda kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne. Mai dafa nasa zai iya rage dunƙule ya ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa, abin da ba zai samu ba a tukunyar mai sayarwa.

Abin da ya fi dacewa

Wake ne ginshiƙi. Yana da arha, yana riƙe ciki, kuma ana samun sa daga Maraɗi har unguwar Briqueterie ta Yaounde. Wake da shinkafa, wanda a Ghana ake kira waakye, ko dambu da zogale, ko alale, duk suna tafiya a kwano. Don tsakanin abinci, gyaɗa, aya ko ayaba sun fi biskit. Zoɓon gida, foléré a bakin mutanen Kamaru, ya fi lemon kwalba idan ba a cika masa sukari ba.

Zafi da lalacewar abinci

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙa'idar OMS ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. A riƙe shi da sanyi ƙasa da digiri 5, ko da zafi sama da digiri 60. A Yamai da Njamena zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, don haka kwanon da aka zuba da asuba aka ajiye a shago yana cikin haɗari kafin azahar. Shinkafa ta fi ban tsoro: akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta huce ta jima sai ta fitar da guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ƙamshin abinci bai isa shaida ba.

Mai firiji zai iya dafa na kwana 2 ko 3, ya ɗumama na ranar har ya yi tururi, ya zuba a kula mai riƙe zafi. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, gara a shirya kayan haɗi kawai: a tsince wake da dare, a daka ƙuli da yaji a kwalba, a tanadi busasshen zogale, a dafa da safe. Latas da tumatir a tafi da su a wanke ba a yanka ba, sai lokacin ci.