Dutsen Kwatarkwashi a Bakin Alƙalamin Masana: Waiwaye a Kan Binciken Duwatsunmu

Duk wanda ya taso daga Gusau ya kama hanyar Funtuwa, ba zai yi nisa ba zai hango Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsa cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. In ya ƙara gaba ya isa Tsafe, nan ma wani dutsen ne zai tarbe shi. Mu da muka tashi a wannan yanki mun saba da waɗannan duwatsu har idonmu ya daina ganinsu. Matafiyi ya ɗauke su alamar an kusa gida, manomi kuma yana duban kansu don ya ga ko hadari ya haɗo.

Kwanan baya muka jarraba ɗalibanmu na ajin ƙarshe a sakandare. Sun kawo sunan Kilimanjaro da Everest ba tare da gargada ba, wasu har da tsawonsu. Amma da muka tambaya ko akwai wanda ya san an taɓa rubuta wani abu a kan dutsen da suke wucewa ta gabansa duk hutu, sai aji ya yi tsit. Ba mu ga laifinsu ba, domin mu ma da muka yi karatun koyarwa sai daga baya muka gano cewa masana sun shafe fiye da shekara 60 suna kai da kawo a kan waɗannan duwatsu. Abin da muke so mu yi a wannan maƙala shi ne mu bi sawun wannan bincike, mu ga abin da ya gano, sa'an nan mu tambayi kanmu, mu marubuta, ina rabonmu a ciki.

Mu fara da dutsen kansa. Masana ilimin ma'adinai da ƙasa sun nuna cewa irin waɗannan duwatsu da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili sun samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da narkakken dutse ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa. Ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasa mai laushi da ta lulluɓe shi, har ƙaƙƙarfan ya fito fili. Wannan bayani yana da alaƙa da zaman mutane kai tsaye. Ruwan sama ba ya nutsewa a kan falalen dutse, gangarowa yake yi ya taru a gindi, don haka rijiya ba ta wahalar haƙa, ƙasa kuma takan daɗe da laima. Ɓarɓashin dutsen da ke zubowa yana ƙara wa gona ƙarfi. Bugu da ƙari, ga kogo da lungu na ɓuya idan mahara sun taso. Wanda ya fara kafa bukka a gindin Kwatarkwashi ya san abin da yake yi.

A ɓangaren tarihi, cikin waɗanda suka fara tattara labarin ƙasar Zamfara da tsarin jami'a akwai wani Bajamushe, Kurt Krieger, wanda ya zauna da dattawa ya ɗauki jerin sarakuna da labaransu, ya buga littafinsa na tarihin Zamfara a birnin Balin a 1959. Da Jamusanci ya rubuta shi. Wato ke nan jikokin waɗanda suka ba shi labarin ba su da hanyar karanta abin da kakanninsu suka faɗa, ko da littafin ya zo hannunsu. A wancan zamani kuwa, abin da ake koya wa yara shi ne cewa tarihin Hausa ya fara ne daga zuwan Bayajida Daura da kashe macijiyar rijiyar Kusugu, aka raba ƙasashe zuwa Hausa Bakwai da Banza Bakwai, aka jefa Zamfara a kashi na biyu. A cikin irin wannan labari dutse ba shi da wani matsayi, domin komai daga baƙo ya faro.

Wanda ya juya akalar wannan tunani shi ne Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A wata maƙala da ya buga a 1970 a mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, ya ce a daina neman asalin sarautun Hausa a wurin wani jarumi da ya zo daga gabas, a dubi ƙasar kanta. A ganinsa, gidajen dangi ne suka haɗu suka zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. Ya kuma lura cewa wuraren da suka fi jan jama'a su ne gindin manyan duwatsu irin su Dala a Kano da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, inda ake samun ƙasar noma da tama ta ƙira, kuma mutanen da suka yi imani cewa a nan manyan iskoki suke zaune. Mai kula da tsafin dutse yakan tara mutane daga nesa, inda mutane suka taru kuwa kasuwa takan ci, inda kasuwa ta ci sai an sami mai raba gardama. Ta haka sarauta take tsirowa.

Ɗalibansa ne suka kawo wannan fahimta har ƙofar gidanmu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, ya sanya Kwatarkwashi da 'Yandoto cikin tsofaffin cibiyoyin da suka yi tasiri a kan Katsina tun kafin jihadi. Marigayi Dokta Garba Nadama, ɗan Gusau, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1977 a kan tasowa da faɗuwar daular Zamfara. Daga ayyukan waɗannan bayin Allah muka fahimci cewa yankin da ke tsakanin Tsafe da Bunguɗu mahaɗa ce ta Katsina da Zamfara, inda fatake da malamai da maƙera suka yi ta cuɗanya shekaru aru-aru.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan 'Yandoto, wadda kufanta ke kusa da Tsafe. Gari ne na malamai da ya yi suna tun kafin jihadi, har labarin baka yana cewa daga nan Muhammadu Korau ya fito ya karɓi sarautar Katsina. Malamanta ba su bi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, kuma wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, kamar yadda shi da kansa ya kawo a Infaƙul Maisuri. Watsewar 'Yandoto ce ta sake fasalin yankin. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Gusau, sarautar tsohon garin kuwa ta koma gindin Dutsen Tsafe, inda sarki yake amsa sunan 'Yandoton Tsafe. Abin lura shi ne, a cikin ɗan wannan fili an sami garin malamai da garin tsafin dutse suna maƙwabtaka na tsawon zamani. Wannan kaɗai ya ishi marubuci abin tunani.

Darajar dutse ta fara raguwa ne bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Da hare-hare suka lafa, buƙatar mafaka ta ragu. Da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai arziki ya koma bakin tasha da kantunan awon gyaɗa da auduga. Gusau ta bunƙasa har ta zama babban birnin Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garuruwan gindin dutse kuwa suka zama wuraren da mota ke wucewa.

Ba masana tarihi kaɗai ne suka hau Kwatarkwashi ba. Kowa a yankin ya san dutsen da mikiya, kuma a da akan yi bikin Baura inda samari majiya ƙarfi ke hawa su kamo ta. A 1980 wasu masu nazarin tsuntsaye biyu, Cook da Mundy, suka buga bincikensu a kan mikiyoyin da ke sheƙa a jikin wannan dutse a mujallar Malimbus, wadda ke kula da tsuntsayen Afirka ta Yamma. Ta dalilin haka sunan Kwatarkwashi ya shiga littattafan tsuntsaye na duniya. Ita dai wannan mikiya ita ce aka shaida ta fi kowane tsuntsu nisa a sama, domin a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a kan birnin Abijan a nisan kimanin mita 11,300. Sai dai a 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sanya ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, saboda gubar da ake sa wa mushe da kuma cinikin sassan jikinta don haɗa magani. Tsuntsuwar da ta cika karin maganarmu da kirarin sarakunanmu tana iya zama sunan da jikokinmu za su ji ba su taɓa gani ba.

Babi mafi ɗaci a wannan tarihi shi ne na gumakan yumɓu. A cikin shekarun 1990 aka yi ta haƙe-haƙe ba bisa ƙa'ida ba a sassan Arewa, ana tono tsofaffin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu ana sayar wa dillalai, su kuma su fitar da su Turai. Yankin Kwatarkwashi yana cikin wuraren da abin ya shafa, har wani masanin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, Patrick Darling, ya rubuta maƙala a 2000 yana kokawa da ɓarnar da aka yi a Nok da Kwatarkwashi. A wannan shekara ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya gumakan Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ta gargaɗi duniya kada a saya. Asarar ta wuce ta gunkin da aka ɗauke. Masani yana gane shekarun abu ne daga zurfin da aka same shi da gawayi da katangar tukwanen da ke kewaye da shi. Da zarar mai diga ya birkita ramin, wannan shaida ta tafi har abada. Talakan da ya yi haƙar bai san abin da ya sayar ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa da harshen da yake ji.

Don mu ga bambanci, mu dubi Sukur a duwatsun Mandara cikin Jihar Adamawa. Masana irin su Nicholas David da Judy Sterner sun zauna da mutanen wurin suna nazarin gonakinsu na kan tudu da ƙirarsu da fadar sarkinsu, kuma a 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Nijeriya. Haka nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2002 don duwatsu, ta kuma tsayar da 11 ga Disamba ta kowace shekara a matsayin ranar tunawa da su. Duniya ta daɗe da yarda cewa dutse da ruwansa da tsirrainsa da mutanensa abu guda ne da ake nazari tare.

To, ina muka kwana? Abin da muka gani shi ne ilimin yana nan, amma a warwatse: wani da Jamusanci, wani da Ingilishi a ɗakunan karatu na Zariya da Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, wani a mujallar tsuntsaye da ɗan sakandare ba zai taɓa cin karo da ita ba. Ragowar kuma yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum tafiya suke yi. A 2022 Allah ya yi wa Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar rasuwa bayan shekara 61 a kan gadon sarauta, Allah ya jiƙansa. Mu tambayi kanmu, marubuta nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa gabansa da takarda da alƙalami? Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi jihar fiye da shekara goma, wadda ta sa baƙon mai bincike ba ya iya shiga ƙauye ya kwana. Wanda zai iya wannan aiki a yau shi ne ɗan gida, wanda tsohuwa za ta sake da shi ta yi masa hira a tsakar gida.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, guda uku ce. Ta farko, mu nemi waɗannan ayyuka na masana mu karanta, mu sake bayyana su da Hausa mai sauƙi, muna faɗin daga inda muka samo. Ta biyu, kowa ya ɗauki tsoho ɗaya a unguwarsu ya rubuta abin da ya sani na sunayen koguna da rijiyoyi da itatuwan magani da tsofaffin unguwannin kan dutse, ya sa rana da wuri, ya kuma bambanta abin da tsohon ya gani da ido da abin da ya ji. Rubuta labarin Baura ko na tsafin da ba komawa gare su ba ne, sanin inda aka fito ne, kuma yana ƙara wa mutum godiya ga Allah. Ta uku, mu miƙa kwafin abin da muka tara ga sashen tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, don kada ya ƙare a bakin gara.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙi da malaman jami'a sun yi nasu, Allah ya saka musu. Mu kuwa a namu ajin mun ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya dawo da shafi biyu daga bakin kakansa a kan dutsen garinsu. Muna fatan a fitowa ta gaba mu kawo wa masu karatu abin da suka samo, in Allah ya kai mu.