Masu Bincike da Mutanen Kudancin Kaduna

A 1912 wani jami'in mulkin mallaka, A.J.N. Tremearne, wanda ya yi aiki a ƙasar Jema'a, ya fitar da littafi mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria. Mutanen Kagoro da maƙwabtansu yake nufi. Ya kwatanta su da masu wutsiya saboda wata kwalliya da matan aure ke ɗaurawa a ƙugu, ya kuma tallata su a matsayin masu farautar kawunan mutane. Da irin wannan ido aka soma nazarin al'ummun Kudancin Kaduna, kuma sun daɗe suna biyan kuɗin wannan suna a ofisoshin En'e da na Turawa.

C.K. Meek ya biyo baya a 1931 da bayani mai ɗan natsuwa kan Atyap da dangoginsu. Amma wanda ya zauna ya kasa kunne shi ne M.G. Smith, mutumin Jamaika, wanda ya yi bincike a lardin Zariya a 1949 da 1950. A wannan zaman ne matarsa Mary ta rubuta tarihin Baba ta Karo. Shi kuwa ya shiga Kagoro da ƙasar Adara, ya tarar da wani tsarin aure da baƙi ke ɗauka lalata ce kawai. Matar aure takan koma gidan wani miji ba tare da auren fari ya mutu ba, tana kuma iya dawowa. Smith ya nuna cewa abin yana da ƙa'ida mai tsauri: akwai zuriyar da ba a aure da ita sam, akwai wadda ake neman budurwa a cikinta, akwai kuma wadda aka yarda a ɗauko matar ɗanta. Wanda ya keta iyakar ya jawo rigima tsakanin dangi. Ya buga wannan a 1953, lokacin da coci da makarantar mishan suka riga suka fara cin ƙarfin al'adar.

Kafanchan ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali ita ce ta fi dacewa da mai son sanin yadda baƙi ke koyon zama tare. Jirgin ƙasa ne ya raya ta tun wajen 1927, ya tara Fantswam da Bajju da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa a kasuwa ɗaya. Sai da wuta ta tashi a Kwalejin Ilimi a Maris 1987, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, sannan masana suka waiwayo. A wannan karon 'yan gida ne suka riƙe alƙalami. Jibrin Ibrahim ya yi nazarin rikicin a 1989, Matthew Kukah, ɗan yankin, ya fitar da littafinsa kan addini da siyasa a 1993, Toure Kazah-Toure kuma ya bi diddigin rigimar Zangon Kataf ta 1992 har zuwa batun gona da kasuwa da sarauta.

Binciken da ya biyo baya ya zo da wata dabara, wato gwaji. Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗebi samari fiye da 800 a birnin Kaduna. Wasu aka sa su ajin koyon kwamfuta na mako 16 inda Musulmi da Kirista ke haɗe, wasu aka sa su aji na addini ɗaya, wasu kuma ba su shiga ko ɗaya ba. Daga ƙarshe aka miƙa wa kowa 'yan kuɗi, aka kira masa sunan wani saurayi, aka ce ya yanke nawa zai ba shi. Suna kaɗai ya isa mutum ya gane addinin mai shi.

Sakamakon da aka buga a 2018 ya ba da mamaki. Ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, amma 'yan ajin haɗaka ba su nuna bambanci wajen rabon kuɗin kamar 'yan ajin addini ɗaya ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, waɗanda aka ware da 'yan addininsu sun fi waɗanda ba su shiga aji ba nuna son kai.

A Kaduna aka yi gwajin, amma ya kamata hukumomin Jema'a, inda Kafanchan take, su karanta shi da kyau. Tun bayan rikicin zaɓen 2011, wanda ya ci kasuwar Kafanchan, iyalai da dama sun tattara sun koma unguwannin da 'yan addininsu suka fi yawa, kuma yaro yakan tafi makarantar da ke kusa da gida ne.